Mindodin kakana na Yaƙin Bama: in goge su ko in bar su, kuma yaya ake ɗaukar hotonsu?

Jikan Saje:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya a kan wata amana da ta faɗo hannuna bayan rasuwar gwaggona a watan jiya. Da muka buɗe adakarta domin rabon kaya, sai muka tarar da wani tsohon gwangwanin alewa an naɗe shi da tsumma, a cikinsa kuwa akwai mindodi, lambobin yabo na soja, guda huɗu na mahaifinta, wato kakana, wanda ya je Yaƙin Bama (ƙasar Burma, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu) ya dawo da muƙamin saje. Biyu taurari ne masu tsini shida, launin tagulla, biyun kuma zagayayyu ne farare kamar tsohon kuɗi. Ƙyallayensu sun koɗe, ɗaya ma har asu ya ci gefensa. A ƙarƙashinsu akwai wani ɗan littafi da ya yi laushi saboda tsufa, ban buɗe shi ba don tsoron kada ya yage. 'Yan'uwa sun bar mini su, amma kowa yana son hotonsu, har da waɗanda ke nesa da Zariya. Na gwada ɗauka da waya, sai walƙiya kawai ke fitowa, rubutun ba ya karantuwa. Shin in goge su da toka da lemon tsami kafin in sake ɗauka? Akwai kuma wani dillali da ya ji labari ya zo ya yi mini tayi, yana cewa in ba shi taurarin biyu in riƙe sauran.

Malam Mai Mindodi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan gwaggo, ya sa ta huta, ya kuma jiƙan tsohon da ya bar wannan gado. Ɗana, kafin komai ina roƙonka ka nisanta toka da lemon tsami da man goge tagulla daga waɗannan mindodi. Duhun da kake gani a jikinsu shi ne shaidar shekarunsu, kuma duk lokacin da aka dirje minda ana cire wani siririn ɓawo na ƙarfen da ba zai taɓa dawowa ba, har a wayi gari gashin kan sarkin Ingila da ke jiki ya shafe. Na yi wannan kuskure da hannuna a kan mindar farko da na mallaka, shekara talatin da suka wuce, kuma har yau idan na dube ta raina yakan ɓaci. Idan ƙura ce, burushi mai laushi ya isa.

Daga yadda ka kwatanta, ina ganin na san abin da ke hannunka, amma ka duba ka tabbatar. Tauraron farko zai kasance na shekarun yaƙin gaba ɗaya, an rubuta 1939 zuwa 1945 a zagayen tsakiyarsa, ƙyallensa shuɗi mai duhu da ja da shuɗi mai haske, kowane launi da faɗi ɗaya. Na biyu shi ne Tauraron Bama, wanda aka bai wa waɗanda suka yi aiki a fagen daga na Bama tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945. Ƙyallensa ja ne a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da zanen ruwan lemo a ciki. Fararen biyu kuwa, ɗaya Mindar Tsaro ce mai koren ƙyalle, ɗaya kuma Mindar Yaƙi ce, wadda a bayanta za ka ga zaki tsaye a kan wani dodo mai kai biyu. Ba azurfa ba ne, haɗin jan ƙarfe ne da nikel, faɗin kowace milimita 36.

Game da dillali, kada ka raba su. Jerin mindodin mutum ɗaya tarihin aikinsa ne, idan aka warwatsa shi ba ya sake haɗuwa. An buga irin waɗannan da yawa ƙwarai, don haka kuɗin da za a ba ka a kan tauraro ɗaya ba zai kai ya kawo ba. Abin da ya fi ƙarfen daraja shi ne wancan ɗan littafin da ka ji tsoron buɗewa.

Jikan Saje:
Na gode, Baba. Na duba, duk yadda ka faɗa haka suke. Sai dai na juya su ko'ina ban ga sunan kakana ba, ko lambar aikinsa. Wannan ya sa na fara shakka ko nasa ne na asali.

Malam Mai Mindodi:
Kada wannan ya dame ka. A Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ta raba yawancin taurari da mindodin fagen daga ba tare da suna ba. Ƙasashe kamar Indiya da Ostireliya da Afirka ta Kudu ne suka buga sunayen nasu sojojin a jiki. Na Yaƙin Farko sun bambanta, domin su an buga lambar soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa a gefen mindar, ko a bayan tauraro. Haka kuma lambobin jarunta, waɗanda ake bai wa mutum saboda wata bajinta da ya yi shi kaɗai, da yawansu suna ɗauke da suna ko a wane yaƙi ne. Wannan shi ya sa na ce littafin ya fi ƙarfen: ina kyautata zaton takardar sallamarsa ce daga soja, kuma ita kaɗai ce igiyar da ta ɗaure waɗannan ƙarafa huɗu da sunan kakanka. Ranar da suka rabu da ita, sun zama na kowa.

Hajiya Mai Kyamara:
Allah ya jiƙan mamata. Ni sana'ata ɗaukar hoto ce, kuma na ɗauki kayan ƙarfe da yawa, daga awarwaro zuwa tsofaffin kuɗi, don haka bari in yi bayani a kan walƙiyar da ta hana ƙanena ganin rubutu. Matsalar daga hasken wayar take. Idan haske ya fito daga wurin da idon kyamara yake, yakan bugi ƙarfen ya dawo kai tsaye, sai zanen ya nutse cikin fari. Ka kashe fitilar wayar, ka kashe ta ɗaki, ka ajiye tebur kusa da taga da hantsi ko bayan la'asar, a inda rana ba ta faɗowa kai tsaye. Idan hasken ya yi ƙarfi, ka rataya farin mayafi mara kauri a tagar. Abin da kake so shi ne haske ya zo daga gefe, ƙasa-ƙasa, yana shafar fuskar mindar, domin ƙananan inuwoyin da yake haifarwa su ne ke fito da haruffa da kambin sarki. A ɗaya gefen ka tsayar da farar takarda ta mayar da ɗan haske, kada rabin mindar ya yi baƙi.

Shimfiɗar da za ka ɗora su a kai ta zama yadi mai launin toka, mara sheƙi, mara zane. Mutane suna son jan karammiski saboda kwarjini, amma jan yakan haska a jikin farin ƙarfe ya canza masa launi, kuma yakan rikita launin ƙyalle, alhali da launin ƙyallen ake gane minda. Baƙin yadi kuma yakan ruɗi wayar ta ƙara haske har mindar ta ƙone a hoton. Ka goge idon kyamarar, ka ɗora wayar a kan tarin littattafai yadda idonta zai leƙo ƙasa daidai bisa mindar ba a karkace ba, sannan ka sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa uku don kada hannu ya girgiza ta. Kada ka ja hoton da yatsu domin ka kusanto da shi, gara ka rage littafi ɗaya ko biyu.

Ni a wurina kowace minda tana bukatar hoto aƙalla huɗu: gaba, baya, gefe, da wurin da zoben ya haɗu da ƙyalle. Sai kuma hoto ɗaya na jerin gaba ɗaya tare da littafin, da rula a gefe domin a san girma. Ina kuma roƙonka kada ka yi wa hoton kwalliya da manhajojin gyara. Karce da tabo da cin asu duk su fito yadda suke, domin idan wata rana aka sace su, Allah ya kiyaye, da waɗannan tabon za ka shaida naka a cikin dubunnan da suka yi kama da su.

Tsohon Kofur:
Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa. Abin da zan ƙara kawai shi ne tsarin jerawa, domin mu a soja ba a jera minda yadda aka ga dama. Ga mai kallon hoton, daga hagu zuwa dama, tauraron 1939 zuwa 1945 ne farko, sai na Bama, sai Mindar Tsaro, sai Mindar Yaƙi. Kada kuma ka cire tsofaffin ƙyallayen don sun koɗe. Su ne suka taɓa ƙirjinsa. Idan kana son sabo domin ranar tunawa da mazan jiya ta 15 ga Janairu, ka nemi sabon ka ajiye tsohon a ambulan tare da su.

Ɗan Damagaram:
Ina gaishe ku daga Zinder. Abin da Malam ya faɗa game da rashin suna ya fi tsanani a ɓangarenmu, domin lambobin Faransa galibi ba sa ɗauke da sunan kowa, ko na wane yaƙi ne. Kuros ɗin yaƙi da aka ƙirƙira a 1915, mai takubba biyu a gicciye, da lambar soja ta 1852 mai rawayan ƙyalle da koren gefe, da lambar mulkin mallaka ta 1893, duk da takardar shaida ake sanin mai su. A gidajen tsofaffin sojojin Faransa da na shiga, sau da yawa mindar tana nan amma gara ta cinye takardar, ko kuma an kai ta wani ofis wajen neman fansho ba ta dawo ba. Kun san an daskarar da fanshon sojojin Afirka tun daga dokar 1959, aka bar su suna karɓar ɗan abin da bai kai na takwarorinsu Faransawa ba har shekaru masu yawa, don haka takardun nan sun sha yawo daga hannu zuwa hannu. Shi ya sa ni idan na je gida, takarda nake fara ɗauka kafin ƙarfe, shafi bayan shafi, har da bangon.

Ina da tambaya ga Hajiya. Akwai wata lambar girma ta Lejiyon Dono a hannun wani dangi, mai farin shafe kamar tangaran da jan ƙyalle. Duk yadda na ɗauke ta, farin yakan zama fili kawai, ba a ganin tsagewar da ke jikinsa.

Hajiya Mai Kyamara:
Malam, irin wannan shafen gilashi ne aka narka a kan ƙarfe, don haka kamar madubi yake. Ka taɓa farin wurin a fuskar wayar domin ta auna haske daga nan, sannan ka ja hasken ƙasa kaɗan. Ka matso da baƙar takarda kusa da gefe ɗaya, za ka ga ta zana wa fikafikan iyaka, tsagewar kuma ta bayyana. Ka riƙe ta da kulawa, domin idan ta faɗi a kan siminti shafen yakan ɓantale.

Malam Mai Mindodi:
Maganar Ɗan Damagaram ta tuna mini da abin da ya sa na shiga wannan harka tun farko, wato neman sunayen mutanenmu a jikin ƙarfe. Kowa ya ji sunan Barikin Chari Maigumeri a Lakwaja, amma kaɗan ne suka san cewa mai sunan ya fara aikin soja ne a rundunar Jamus a Kamaru, Jamusawa suka ba shi lambar jaruntarsu da ake kira Kuros ɗin Ƙarfe, aka kama shi a 1915, daga baya ya shiga rundunar Najeriya ya kai samanja, ya sami lambar jarunta a yaƙin Habasha, ya je Bama, ya yi ritaya a 1953. Irinsa an rubuta shi. Dubbai ba a rubuta su ba sai a gefen minda. Mafi daraja a abin da na tara ita ce wata ta azurfa da ake kira mindar aikin Afirka, wadda aka ƙirƙira a 1902, mai rawayan ƙyalle da baƙin gefe da siraran korayen layi biyu. A kan ƙyallen akwai ɗan maƙallin azurfa da aka rubuta Arewacin Najeriya 1903, a gefenta kuma an buga sunan wani farabiti, suna irin namu na Hausawa.

Almajirin Tarihi:
Allah ya gafarta Malam, ina girmama shekarunka da iliminka, amma a nan zuciyata ba ta kwanta ba, kuma ba zan ɓoye ba. Wannan maƙalli na 1903 an ba da shi ne saboda cin Kano a ranar 3 ga Fabrairu, da cin Sakkwato a ranar 15 ga Maris, har zuwa Burmi inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru tare da ɗimbin jama'arsa a ranar 27 ga Yuli. A cikin wannan yaƙin ne Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi. Ni Bakano ne, kuma a gidanmu ana faɗin sunan wanda ya fita bai dawo ba. Mindar Bama daban ce, ita ta yaƙi da Japan ce a wata nahiya. Amma wannan ladan zubar da jinin kakanninmu ce, kuma ina ganin bai dace a shimfiɗa ta a kan yadi mai kyau, a gyara mata haske, a kira ta mafi daraja ba. Hoto mai kyau yana ƙawata abu, wanda ya gani kuma sha'awa yake fara yi kafin ya tambayi abin da aka yi aka same ta.

Malam Mai Mindodi:
Ɗana, ban ji haushin maganarka ba, kuma kalmar daraja da na yi amfani da ita ta cancanci gyara. Ba darajar aikin nake nufi ba. Abin da nake nufi shi ne wannan ƙarfe yana faɗin gaskiyar da mu kanmu ba mu cika son ji ba: rundunar da Lugga ya kafa a 1897 hafsoshinta Turawa ne, amma masu riƙe bindigogin 'yan ƙasa ne, da yawansu Hausawa da Yarabawa, har Hausa ta zama harshen bariki. Wasunsu bayi ne da suka gudu, wasu talauci ya kai su, wasu kuma suna da nasu ƙorafin a kan masu mulkin lokacin. Idan na bar wannan minda ta tafi gwanjo a Landan, za ta shiga akwatin wanda bai san Burmi ba, ko kuma maƙeri ya narka ta ya yi zobe, sunan ya tafi, shaidar ma ta tafi. A gidana ba ta rataye a bango. Tana cikin ambulan, tare da takardar da na rubuta ranakun nan uku da ka ambata.

Almajirin Tarihi:
Na yarda da adana ta, Allah ya gafarta Malam, ban kuma taɓa cewa a narka ta ba. Inda na tsaya shi ne wajen yaɗa hoton. Takardar tana cikin ambulan ɗinka, hoton kuwa shi kaɗai zai yi yawo.

Hajiya Mai Kyamara:
Wannan damuwa gaskiya ce, kuma tana da magani a aikace. Bayanin da aka rubuta a ƙarƙashin hoto yakan ɓace da zarar an tura shi gaba. Abin da nake yi shi ne in rubuta bayanin a kan ɗan kati da hannu, in ajiye shi a gefen abin, ya shiga cikin hoton kansa. Ga irin wannan minda sai a rubuta yaƙin da aka ba da ita saboda shi da waɗanda aka kashe, kuma a ɗauke ta a fili ba tare da ƙawa ba, kamar yadda ake ɗaukar abin shaida. Wanda ya ga ƙarfen dole ya ga rubutun.

Almajirin Tarihi:
Idan haka za a yi, Hajiya, na rage adawa, ko da yake har yanzu na fi son in gan ta a wuri irin Gidan Arewa na Kaduna, inda ɗalibai za su gan ta tare da takardun zamanin, maimakon gidan mutum ɗaya.

Tsohon Kofur:
Tunda an zo maganar yaɗa hoto, akwai hattara ɗaya ga Jikan Saje. Idan ka ɗauki littafin sallama, ka ajiye cikakken hoton a cikin dangi, amma wanda za ka nuna wa jama'a ka rufe lambar aikinsa da ɗan guntun takarda. Masu jabu suna sayen mindodi marasa suna su sassaƙa musu suna da lamba na gaske domin su ƙara kuɗi. An taɓa sayar mini da wani Kuros ɗin Ƙarfe da aka ce na 1914 ne. Na asali guda uku ne aka haɗa, tsakiyar baƙin ƙarfe ce da firam na azurfa gaba da baya, kuma mayen ƙarfe yana kama tsakiyar. Nawa da na gwada bai kama ba, sai na lura zubi ɗaya ne aka shafa masa baƙin fenti.

Malam Mai Mindodi:
Haka ne. Sai kuma ajiya. Ka fitar da su daga gwangwanin, domin idan damina ta zo zai yi tsatsa ya ɓata ƙyallayen, amma gwangwanin ma ka adana shi, shi ma cikin labarin yake. Kada ka sa su a leda mai laushi, kada ka ɗaure su da roba, kuma kada su riƙa gogar juna. Ka naɗe kowace a farin ƙyallen auduga da aka wanke, ka sa ƴan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi, ka ajiye inda rana ba ta kaiwa. Idan ka ga koren gari kamar hoda yana fitowa a jikin tauraro, ka ware shi daga sauran ka sanar da mu.

Jikan Saje:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Yau da hantsi na yi yadda Hajiya ta ce, da farin mayafin mahaifiyata a taga da wayar a kan littattafai shida, kuma a karon farko na ga zakin da dodon sarai, har da wani karce a wuyan sarki da ido bai nuna mini ba. Na gode wa dillali na ce ba na sayarwa. Littafin kuma na buɗe shi a hankali da bakin cokali, takardar sallama ce kamar yadda Baba ya zata, da sunansa da garinsu da tambarin yatsansa. A wurin runduna an rubuta bataliya ta 7 ta rundunar Najeriya. Shafi biyu na tsakiya sun manne da juna, ban tilasta su ba.

Malam Mai Mindodi:
Ka yi daidai da ka bar su manne. Kada ka sa musu ruwa ko tururi, sai an sami mai gyaran tsofaffin takardu. Bataliya ta 7 kuwa, tare da ta 6 da ta 12, su ne birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, wadda aka cire daga runduna ta 81 aka haɗa ta da dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke da jiragen sama a bayan layin Japanawa a 1944. Sunan da Barikin Chindit na garinku Zariya yake ɗauke da shi ke nan. Ka duba ranar da aka ɗauke shi aiki da ranar da aka kai shi bataliyar, domin su za su nuna ko yana cikinsu a wannan shekara. Idan kuma akwai sauran tsoho ko tsohuwa a gidanku da ya ji labarin daga bakinsa, ka je da mindodin ka ajiye a gabansa, ka kunna naɗar murya a wayarka, ka tambaye shi da wane jirgin ruwa suka dawo da kuma wanda ya tarye su a tasha.